Faɗin Yatsu Huɗu a Ƙasan Sunan Malam Issifu

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima ta birnin Accra ya san Malam Issifu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai farar hula da tsohuwar lema, wanda yake tsallaka babban titi kamar shi ya shimfiɗa shi, direbobin motocin haya na trotro suna ta danna masa oda, shi kuwa ko a jikinsa. Shekarunsa sittin da tara. Mutumin kirki ne, wannan ba wanda zai yi musu. Amma in kana neman wanda zai ƙure maka haƙuri ba tare da ya ɗaga murya ba, to ka je ka zauna da shi yini guda.

A Nima aka haife shi, a gidan haya mai ɗakuna goma sha huɗu. Mahaifinsa ɗan sanda ne tun zamanin Turawa, kuma burinsa bai wuce ya ga ɗansa cikin kaki ba. Issifu ya yi boko har aji shida, ya ce ya ƙoshi, aka kai shi koyon ɗinki. Da rana yana kan keken ɗinki, da la'asar sai ya ɗauki littafinsa ya nufi zauren Malam Nuhu a unguwar Maamobi. Yana ɗan shekara goma sha uku ya fara zuwa, bai daina ba sai da ya shekara goma sha tara yana yi.

Zauren Malam Nuhu babu aji, babu allon bango, babu ƙararrawa. Kowa ya zo da littafinsa ya jira layi ya zo kansa, ya matso ya durƙusa. Malam ya karanta masa layi uku ko huɗu, ya fassara da Hausa, ya sallame shi. Gobe in ka dawo ba ka iya ba, layukan nan dai za a sake maka, ko da za ku yi wata a kansu. Ɗan dako daga kasuwar Agbogbloshie yana shafi na goma, tela yana shafi na ɗari, ba wanda ya zo na ɗaya, ba wanda ya zo na ƙarshe. Malam Nuhu yakan duba yadda ka ajiye takalminka a bakin ƙofa kafin ya duba karatunka, domin a wurinsa ladabi ake fara koya, sannan ilimi ya biyo.

Wata biyu kafin ya rasu, Malam Nuhu ya kira Issifu ya ba shi ijaza. Ijaza shaida ce ta malami, da hannunsa, cewa wane ya karanta littattafai kaza a gabana, na ji da kunnena, na yarje masa ya karantar da wasu. Tsohuwar takarda ɗaya ce da ake miƙawa hannu zuwa hannu, rubutun tawada, da sunayen malamai goma sha ɗaya a jere, kowa ya karɓa daga wanda ke samansa, tun daga Katsina, aka biyo ta Salaga, aka sauko Accra. Sunan Issifu ne na ƙarshe. A ƙasansa aka bar fili fari, faɗin yatsu huɗu. Malam Nuhu ya ɗora yatsansa a wurin ya ce, "Nan kuma aikinka ne."

Yau shekara talatin da bakwai ke nan, filin nan yana nan fari tas. Wannan shi ne abin da ke cin Malam Issifu a rai, ko da yake ba ya faɗa. Ya san in ya mutu bai rubuta sunan kowa ba, jerin nan a kansa zai tsaya, mutum goma sun riƙo abu har ya iso hannunsa, shi kuma ya shiga da shi kabari. Takardar tana cikin wani gwangwanin biskit a saman kabad, a naɗe cikin farin ƙyalle. Yakan sauko da ita ran Juma'a ya duba, ya yi ajiyar zuciya, ya mayar.

In ka tambaye shi dalili, zamani zai ɗora wa laifi, kuma yana da tasa gaskiyar. Zaure ya mutu a Nima. Manya suna neman abinci, yara suna makaranta tun sassafe har la'asar, in sun taso kuma a tura su darasin ƙari. Shi ya sa shekara goma sha biyar da suka wuce, da idonsa ya fara gajiya da zare da allura, ya karɓi aikin koyar da Larabci a makarantar Alhaji Osman. Alhaji Osman dillalin albasa ne, Allah ya buɗa masa, ya gina bene hawa uku a Maamobi ya ce a haɗa boko da Arabiyya a ciki.

Tun ranar farko Malam Issifu ya gane ya shiga uku. Ya zauna ya tattara hankalin yara arba'in da wani abu, ya gyara musu zama, ya sa wani ya koma ya sake shigowa da sallama, yana buɗe baki zai fara bayani sai ƙararrawa ta kaɗa. Minti talatin da biyar sun ƙare. Yaran suka tura littafin Larabci cikin jaka suka zaro na lissafi, shi kuma yana tsaye da rabin jimla a bakinsa. Har yau bai yafe wa ƙararrawar nan ba. Yana cewa bai taɓa ganin inda ƙarfe ne yake yanke wa malami magana ba sai a nan.

Sai kuma maganar sakamako. Aka ba shi takarda ya cike maki, ya rubuta wa wasu "ya iya", wasu kuma "bai iya ba tukuna". Aka dawo masa da ita aka ce kwamfuta ba ta san tukuna ba, lamba take so. Aka ce ya jera su daga na ɗaya zuwa na arba'in da shida. Ya ce yaron da ya zo bai san harafi ko ɗaya ba yanzu yana haɗa baƙi, da wanda ya zo da karatunsa daga gida bai ƙara komai ba, wanne ne na ɗaya? Aka ce masa mai maki da yawa. Ƙarshen shekara kuma da wanda ya iya da wanda bai iya ba duk aka kwashe su zuwa aji na gaba, kamar fasinjojin da mota ta cika da su. Wanda ya fara kama hanya kuwa, yana cika shekara goma sha biyar sai ya rubuta jarrabawar fita, a tura shi babbar sakandare, shi ke nan an rabu.

Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da Malam ba ya so a tuna masa, kuma dole a faɗa. Ya yi ɗalibai a barandar gidansa, ba na aji ba, na gaske. Akwai Jamiu makanike, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana zuwa da baƙin mai a farcensa. Kullum aka ce Malam ba za ka rubuta masa ba, sai ya ce saura kaɗan. Jamiu ya gaji ya tafi ci-rani, yanzu shekararsa takwas ba a gan shi ba. Akwai Fuseini, shekara goma sha huɗu. Shi ma saura kaɗan. Fuseini yanzu limami ne a unguwar Madina ta nan Accra, yana jan mutum ɗari uku salla, yana ɗaura aure yana raɗa suna, amma a wurin Malam Issifu har gobe da ɗan sauransa. Mutum ne da in ka kawo masa tuwo mai kyau, sai ya juya kwanon ya nemo inda aka yi gudaji.

A watan Mayun bana Alhaji Osman ya kira shi ofis. Makarantun unguwa duk suna bikin yaye ɗalibai da riguna masu faɗi da huluna masu tunku, har da 'yan rainon da ba su gama iya ɗaura takalmi ba. Alhaji yana so nasa bikin ya fi na kowa, kuma ya taɓa jin labarin takardar nan.

"Baba Malam," in ji shi da Hausarsa ta Zango, "takarda nan naka, mai sunan manya, mu buga shi a satifiket na yara. Duka su arba'in da shida. Kai ka sa hannu kawai. Iyaye za su ji daɗi paa."

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Alhaji, in an sauke maka buhun albasa, kana shaida wa mai saye cewa lafiyayye ne ba ka kwance bakinsa ba?"

"Albasa daban, yara daban."

"Haka ne. Albasa in ta ruɓe zubarwa ake yi. Wanda na ce ya iya alhali bai iya ba, wasu zai je ya karantar."

"To ai sun ci jarrabawa naka."

"Jarrabawarku dai. Zaɓi ɗaya cikin huɗu. Ko akuya aka ba fensir za ta dace da wasu."

Alhaji ya yi roƙo, ya yi fushi, ya aiko limamin unguwa ya sa baki. Malam ya kafe. Aka yi biki a watan Yuli da riguna da kiɗa da masu ɗaukar hoto, ba a buga sunan kowa ba, Alhaji kuma ya yi wata guda yana amsa gaisuwarsa da ka. A wannan karon dai Malam ne mai gaskiya, kuma ya san haka, shi ya sa ya ƙara taurin kai.

Cikin waɗanda aka yaye akwai Zalia. Shekararta goma sha biyar, uwarta tana sayar da shinkafa da wake a bakin kasuwar Nima. Tun tana ajin farko na ƙaramar sakandare ta tsaya bayan an tashi ta tambaye shi dalilin da ya sa ƙarshen wata kalma ya canza, tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa a ginin nan. Ya ce in tana son sani ta zo gida. Ta zo. Shekara uku tana zuwa barandarsa, ta ajiye takalmi a gefe, ta gaishe da matar gidan, ta durƙusa da littafinta. Ta sauke ƙaramin littafin nahawu sau biyu, ta sauke na fiƙihu. Wata rana ma Malam ya yi tuntuɓe a wani layi, ta sake karanta layin a hankali yadda yake daidai, ba ta ɗago kai ba. Ranar ya ji daɗi har ya kasa cin abinci. Ya san a ransa cewa wadda yake jira ce ta zo.

Matarsa Hawawu ita ma ta sani. Hawawu 'yar mutanen Tawa ce ta Nijar, a Nima ta girma amma bakinta bai karye ba, kuma ba ta tauna magana. Shekara arba'in tana dama koko tana soya ƙosai a ƙofar gida, tana jin duk abin da ake karantawa a baranda. Da sakamako ya fito aka ce an tura Zalia makarantar kwana can arewa, wajen garin Wa, tafiyar yini guda cur a mota, sai ta same shi.

"Malam, yarinyar nan ƙarshen wata za ta tafi. Ka rubuta mata."

"Zan rubuta."

"Yaushe?"

"Tana sauri a babin ƙarshe. Mai sauri yana tsallake abu."

Hawawu ta dube shi, ta kaɗa kai, ta koma kan kaskonta.

Don Allah ba wai bai yi niyya ba. Ya aika aka samo masa ƙaro ya haɗa tawada da kansa, ya feƙe alƙalami sabo, ya gwada rubuta sunanta a bayan tsohuwar ambulan har sau bakwai don hannunsa ya saba. Sai dai ran Asabar da ta zo ta karanta babin ƙarshen, ta karanta shi lafiya lau, shi kuma ya kasa cewa ya isa. Kalmar ce ba ta fita daga bakinsa, shekara talatin da bakwai bai furta ta ba. Ya ce ta je ta yi mako guda tana bita, kada ta zo sai Asabar ta sama, ranar zai saurare ta na ƙarshe. Ta ce to.

Ran Laraba da la'asar aka yi ruwan Oktoba irin wanda yake cika babbar kwatar Nima har ta yi ambaliya. Rufin ɗakinsu ya yi yoyo daidai saman kabad. Hawawu ta kwashe kaya, gwangwanin biskit ya sha ruwa a murfi, ƙyallen ya jiƙe, gefen takardar ya ɗan yi laima amma rubutu bai taɓu ba. Malam ya shanya ta a kan gado, ya tsaya a kanta har ta bushe.

Ran Alhamis da hantsi yana aji, yana kokawa da mintocinsa talatin da biyar, an riga an cinye masa goma wajen neman alli. Sai ya hangi Zalia tsaye a bakin ƙofa da mayafi, ta rusuna. Ransa ya ɗan ɓaci. Ya ce mata mako guda, ga ta tun kwana biyar, saurin nan dai da yake faɗa.

"Malam, dama na zo ne in..."

"Asabar na ce miki."

Shi ya koya mata cewa ɗalibi ba ya katse malami, ba ya ja-in-ja da shi, in an sallame shi ya tafi. Ta tsaya kaɗan, ta sake rusunawa, ta ce, "To, Malam. Allah ya ƙara lafiya." Ya juya ga allo.

Da ya dawo gida bayan azahar ya tarar da Hawawu ta jera takardu a kan tabarma tana dubawa, fuskarta cike da jin daɗin wadda ta yi aikin kirki. A Nima duk takardar da ake ji da ita lamineti ake yi mata, a sa ta tsakanin roba biyu a manne da zafi, saboda ruwa da ɓera da gumin hannu. Hawawu ta ga abin da ruwa ya so ya yi jiya, sai ta kwashi takardun haihuwar 'ya'yansu, da ta auren 'yarsu, da duk abin da ke da hatimi a gidan, ta kai shagon hoto na bakin titi. Ta fi ba mai shagon amanar guda ɗaya, ta ce ya sa mata roba mai kauri.

"Ga taka," in ji ta. "Yanzu ko cikin kwata ta faɗa ba abin da zai same ta."

Ya karɓa. Ijazar Malam Nuhu ce, tana sheƙi, ta yi tauri kamar faranti. Sunaye goma sha ɗaya suna nan ras a ƙarƙashin roba, da filin yatsu huɗu a ƙasa, an rufe shi ruf. Ya sa farce a gefe yana neman baki, babu. Ya zauna a kan turmi.

"Hawawu, me kika yi?"

"Na adana maka ita."

"Kin kashe ta. A ina zan rubuta? Ɗauko min reza."

"Mai shagon ya ce in aka ɓare, da tawadar take tashi."

Nan Malam Issifu ya yi abin da maƙwabta ba su taɓa ji ba, ya ɗaga murya. Ya ce takardar da ta ratso daji a kan jaki, ta tsira daga gara da gobara, yau ta zo ta mutu a hannun mai shagon hoto. Ya ce wannan zamani komai sai ya manne shi ya rataye a bango, ilimi ya zama abin kallo. Ya haɗa da ƙararrawa, ya haɗa da kwamfuta, ya haɗa da Alhaji Osman da rigunan bikinsa. Hawawu ta bar shi ya zazzage tas, tana tattara takardun 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

"Ka gama?" ta ce. "Na yi kuskure, ban san ana ƙara rubutu a kanta ba. Ta ina zan sani? Tun ina da cikin fari take cikin gwangwanin nan, ban taɓa ganin alƙalami ya taɓa ta ba. Shekara talatin da bakwai tana buɗe, Malam. Jamiu ya zo ya tafi tana buɗe. Fuseini ya yi furfura tana buɗe. Roba yau da safe ta zo."

"Ba su gama ba ne."

"Kai ka gama ne da Malam Nuhu ya ba ka? Ina amarya kana dawowa kana ce min ya gyara maka wuri kaza. Da ya tsaya jiran ka daina kuskure, da da takardarsa aka binne shi."

Can ya ce, a hankali, "Jibi zan rubuta. Asabar. Na haɗa tawada, kin gani. Zalia zan rubuta."

Hawawu ta tsaya da takardu a hannu tana kallonsa. Fushin ya sauka daga fuskarta.

"Ba ta same ka ba? Nan ta fara zuwa, na ce ta bi ka makaranta."

"Ta zo."

"To ai sallama ta je yi maka. Kawunta ya sauke doya a Agbogbloshie, zai koma arewa yau, uwarta ta ce gara ta bi shi da akwatinta tun da ga mota. Can ma za ta riƙa yin hutu a wurinsa, hanya ta yi nisa. Sai ta gama, shekara uku." Ta ajiye takardun. "Me ka ce mata?"

Ya tambaya ko Zalia tana da waya, Hawawu ta ce makarantar kwana ba a barin su da waya. Ya tambaya ko motar ta tashi, ta ce tun kafin azahar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Idon hagu dama ya daɗe da yin hazo, na dama ne yake lallaɓawa, kuma shi ma likita ya ce a riƙa addu'a. Baƙin ciki ya cika masa ciki, kuma a wannan karon ya duba ko'ina bai ga wanda zai ɗora wa laifi ba.

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kwalbar tawada da sabon alƙalamin. Hawawu ba ta hana shi ba. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya yi bisimilla, ya tsoma alƙalami, ya rubuta sunan Zalia a kan robar, daidai ƙasan nasa, da kyakkyawan hannun nan da ya gwada sau bakwai. Kafin ya kai harafin ƙarshe na farkon ya tattare ya zama ɗigo. Ya riƙe takardar a miƙe da hannu biyu don kada ta gangara, ya zauna a kan turmin yana jira ta bushe, tawadar kuwa ba ta da inda za ta shiga.